Zango Uku A Safiya Ɗaya: Yadda Wani Mai Gyaran Keke Ya Shiga Tseren Tirayatalon

A cikin wasannin motsa jiki da ake yi a duniya akwai wani guda da ba a cika jin labarinsa a zangunanmu ba, ko da a majalisar samari ne inda ake raba dare ana gardamar ƙwallon ƙafa da dambe. Turawa suna kiransa tirayatalon, wato tsere uku a haɗe. Mutum zai faɗa ruwa ya yi iyo, yana fitowa ya haye keke, yana sauka daga keken kuma ya kama gudu da ƙafa, duk a jere, ba a tsayar masa da agogo ko sau ɗaya. Ko lokacin da ya ɓata wajen ɗaura takalmi ana lissafa masa shi. A wannan wata na ga ya dace in kawo wa masu karatu bayanin wasan, tare da labarin wani tsohon ɗalibina da ya jarraba shi karo na farko, ni kuwa ina tsaye a gefe ina kallo.

Tseren iri-iri ne. Wanda ake yi a wasannin Olamfik shi ne iyo na mita 1,500, da keke na kilomita 40, da gudu na kilomita 10. Akwai na manyan ƙarfafa da ake kira Ironman, wanda iyonsa ya kai kilomita 3.8, kekensa kilomita 180, sa'an nan a rufe da gudun yada ƙanin wani na kilomita 42. Wannan kam sai dai mu ji labari. Wanda sababbin shiga suke farawa da shi shi ne gajere, rabin na Olamfik daidai: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Kada kalmar gajere ta ruɗe ka, mai karatu. Ƙwararru suna gama shi cikin ƙasa da awa ɗaya, amma ɗan koyo yakan kwashe awa ɗaya da rabi har zuwa awa biyu yana abu ɗaya, zuciyarsa na dukan uku-uku.

Wasan a yadda ake yinsa yanzu ba tsoho ba ne. Tun a shekarun 1920 Faransawa suna da wata gasa da suke haɗa wasannin uku, amma masu tarihi sun fi ƙirgawa daga ranar 25 ga Satumba, 1974, lokacin da wasu 'yan ƙungiyar gudu na birnin San Diyego a Amurka suka shirya shi, mutum 46 suka shiga. A 1978 aka yi Ironman na farko a Hawayi, mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe. An kafa hukumar wasan ta duniya a garin Abinyon na Faransa a 1989, kuma aka sa shi cikin Olamfik a birnin Sidni a shekara ta 2000. Ɗan Afirka ta Kudu, Henri Schoeman, ya ci lambar tagulla a Olamfik na Riyo a 2016. Wanda ya bi labarin Olamfik na Faris a 2024 zai tuna yadda aka ɗaga tseren maza da kwana ɗaya saboda ƙazantar kogin Sen, abin da ya nuna cewa matsalar ruwa mai tsabta ba tamu ce mu kaɗai ba.

Biyu namu ne, ɗaya baƙo

In aka dubi zangon nan uku, biyu daga ciki ba baƙinmu ba ne. Wanda ya taɓa zuwa Tamale ya san keke a wurin mutanenmu ƙafa ce, tsoho da yaro, mace da namiji. Gudu kuwa, yaron da ya tashi yana buga ƙwallo a rairayi tun daga la'asar har magariba kilomita 5 ba za ta ba shi tsoro ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ruwa. Mu da muke zaune a Ankara, teku na gabanmu, amma yawancinmu iyakarmu da ita ranar bikin salla, a je a tsoma ƙafa a ɗauki hoto a dawo. A ajin da nake koyarwa na taɓa tambayar wanda zai iya ratsa tafkin wanka daga wannan baki zuwa wancan, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ina shakkar biyu daga cikinsu.

Ɗalibin nan nawa yana cikin waɗanda ba su ɗaga hannu ba a zamaninsa. Ya roƙe ni kada in buga sunansa, saboda haka zan bar shi a mai gyaran keke, don sana'arsa ke nan. Shekarunsa ashirin da 'yan kai, yana da rumfa a bakin titi inda yake faci, da gyaran birki, da miƙe gargare. Wani mai kawo masa gyara ne, ma'aikacin ofis mai keken tsere, ya fara yi masa zancen gasar, ya ce ga shi ana shirin wata 'yar ƙarama nan da wata biyar. Yaron ya zo wurina da maganar ranar wata Asabar, ya ce, "Malam, keke da gudu ba su dame ni ba, amma ni ko a baho ban taɓa nutsa kaina ba." Na tambaye shi to me ya kai shi? Ya ce shi ma abin da yake so ya gano ke nan.

Mahaifinsa bai so ba ko kaɗan, kuma ba na ganin laifinsa. Dattijon ya taɓa rasa ɗan ƙanensa a ruwa shekaru da dama da suka wuce, tun daga nan ya hana 'ya'yansa kusantar ko da kwata ce in ta cika. Tsoron nan yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki asara. Sai dai ni a nawa ganin, hana yaro koyon iyo ba ya raba shi da ruwa. Ambaliya ba ta neman izinin uba, kwalekwalen fito a tafkin Balta ma haka. Abin da na je na faɗa wa dattijon ke nan. Na ce, "Alhaji, Hausawa suka ce iya ruwa fid da kai. Ka bar shi ya koya a hannun wanda ya sani, a inda ake ganin ƙasan ruwan." Ya yi shiru mai tsawo, daga bisani ya ce ya yarda da koyon, amma maganar tsere a bari sai ya gani da idonsa.

Koyon iyo da girma ba ƙaramin aiki ba ne. Ya sami wani mai koyarwa a tafkin wani otal, yana zuwa sau uku a mako da sassafe kafin ya buɗe rumfa. Makon farko gaba ɗaya bai yi komai ba sai sa fuska a ruwa yana fitar da iska ta hanci, yana ɗagowa ya shaƙa ta baki. Ya ce mini a nan ya gane cewa ƙarfi ba ya aiki a ruwa, domin duk sa'ad da ya taurare jiki ya yi ta bugun ruwa da ƙarfin tsiya, ƙafafunsa sai su nutse, ya sha ruwa ya ƙoshi. Sai da ya koyi sakin jiki, ya kwanta a miƙe kai na kallon ƙasa, tukuna ruwan ya ɗauke shi. Tafkin tsawonsa mita 25 ne, ke nan mita 750 zuwa da dawowa ne sau 15, ratsawa 30. A ƙarshen wata na farko huɗu yake yi ya kama bango yana haki. A wata na huɗu ya cika talatin ɗin ba tsayawa, ranar kuwa har makaranta ya biyo ni ya faɗa mini.

Na ja masa kunne a kan abu biyu. Na farko, kada ya kuskura ya je teku shi kaɗai da sunan gwaji, domin gaɓar nan tamu tana da igiyar da ke jan mutum ciki, kuma ko gwanaye suna shakkarta. Na biyu, ya guji ruwan kwance na tafki da rafi inda ciyawa da dodon koɗi suka yi yawa, saboda a nan ake kwasar tsargiya, cutar da mutanen bakin Balta suka daɗe suna fama da ita.

Keken kuwa bai saya ba. Wani tsohon keken tsere ne na ƙarfe da aka shigo da shi daga Turai, mai shi ya yar a rumfarsa ya ƙi dawowa. Ya warware shi sala-sala, ya wanke sarƙa da kananzir, ya sa sabon tif da wayar birki, ya daidaita sirdi daidai tsawon ƙafarsa. Abin da ya ci kuɗinsa shi ne hular kwano, da tabaran ruwa, da kuɗin tafki, da kuɗin rajista, waɗanda in aka haɗa sun cinye masa ribar makonni. Wannan ita ce gaskiyar da masu tallata wasan ba su cika faɗa ba: wasa ne mai tsada, kuma shi ya sa in ka je filin za ka tarar yawanci ma'aikatan ofisoshin jakadanci ne, da na kamfanoni, da 'ya'yan masu hali.

Ranar tsere

Mun tashi tun kafin asuba a motar haya, keken a ɗaure a baya, ni da shi da dattijon, wanda ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. An yi gasar a bakin wani ruwa mai kwanciya, inda igiya ba ta da ƙarfi. Da isarmu aka duba birkin keken da maɗaurin hular, aka rubuta masa lamba a dantse da alƙalami mai kauri, aka ba shi hular iyo ta roba, aka kuma ɗaura masa wata 'yar na'ura a idon sawu wadda ke ɗaukar lokaci duk sa'ad da ya taka tabarmar da aka shimfiɗa a mashiga. Akwai wani fili da aka killace da igiya, shi ne wurin canji. A nan kowa yake rataye kekensa a kan ƙarfe, ya jera takalmi da hula da gorar ruwa a ƙasa. Ba a yarda ɗan rakiya ya shiga ba, kuma ba a yarda kowa ya taimaka maka daga waje ba, ko da miƙo famfo ne.

Wasu sun yi ta tambayar ko za a sa baƙar rigar robar nan da ake gani a hotunan Turawa. Amfaninta tsare sanyi ne, kuma a gajeren tsere doka ta hana yawancin masu fafatawa sa ta in ɗumin ruwa ya kai digiri 22. Ruwanmu ya fi haka ɗumi a mafi yawan watanni. Wani abin da ya yi wa dattijon daɗi shi ne dokar da ta hana tsiraici a wurin canji, ta kuma hana hawan keke ko gudu ba riga. Yaron da gajeren wando mai kaiwa gwiwa da 'yar riga mai kama jiki ya yi zangon uku duka.

Aka busa usur. Wanda bai taɓa ganin tashin iyo na taro ba ba zai gane ba, ruwan gaba ɗaya ya koma fari kamar ana kaɗa nono. Mai koyar da shi ya riga ya ce masa ya tsaya a baya ta gefe, ya ƙirga goma kafin ya shiga. Ɗoki ya hana shi, ya faɗa tsakiyar jama'a. Kafin a yi mita 50 wani ya shure shi a fuska, tabaran ya karkace, ruwa ya cika masa ido ɗaya. Daga baya ya ce mini abin da ya fi razana shi ba shurin ba ne. A tafkin otal yana ganin layin da aka ja a ƙasa, a nan kuwa da ya sa fuska sai duhu mai kore-kore, ko hannunsa ba ya gani, ba bango kuma da zai kama. Ƙirjinsa ya ɗaure, numfashi ya ƙi shiga, duk abin da ya koya a wata biyar ya gudu.

Mu daga baki muna hangen hularsa ta tsaya cik, sauran suna wucewa. Dattijon ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi, yana cewa, "Malam, ka ce su fito da shi." Wani mai ƙaramin kwalekwale daga cikin masu tsaro ya matsa kusa da shi. A dokar wasan an yarda mutum ya kama kwalekwale ko alamar da ke shawagi ya huta, muddin bai yi amfani da ita ya ci gaba ba, kuma an yarda da kowane salon iyo. Yaron bai kama ba. Ya juya rigingine, fuskarsa na kallon sama, ya gyara tabaran, ya yi ta shaƙar iska a hankali har ƙirjin ya saki. Sa'an nan ya kife ya ci gaba, yana ƙirga bugun hannu, duk bayan shida ko takwas ya ɗaga kai ya nemi babbar alamar nan mai ruwan lemo da ake zagayawa. Wannan ɗaga kan wajibi ne, don ba mai iya miƙewa sak a buɗaɗɗen ruwa, kuma na ga mutum biyu da suka yi ta iyo da ƙarfi suna nufar inda ba a aike su ba, sai da aka bi su aka juyo da su.

Ya fito cikin 'yan ƙarshe, yana tangaɗi kamar wanda aka tasa daga barci. Jiri ne, kuma kusan kowa yana jinsa, saboda jiki ya daɗe a kwance, sai ga shi farat ɗaya an miƙe ana gudu. Sauƙin da ya samu shi ne bai sha wahalar neman kekensa ba, tunda kekunan da suka rage a wurin ba su da yawa. Ya kai hannu zai ciro keken, alƙaliyar wurin ta daka masa tsawa, domin doka ita ce sai ka sa hular kwano ka ɗaure ta kafin ka taɓa keke, kuma ba ka kwance ta sai ka mayar da shi mazauninsa. Ya ɗaure, ya tura keken da hannu har ya tsallake layin da aka ja, daga nan ne aka yarda a hau.

To, a nan ne fa ɗan zango ya dawo gida. Hanyar zagaye huɗu ce, saboda haka sau huɗu yana wucewa ta gabanmu, kowane zagaye kuwa ya bar wasu a baya, har da masu kekunan da kuɗin ɗaya zai sayi rumfarsa da abin da ke cikinta. Keke mai tsada yana da amfaninsa, ba na musu, amma a kilomita 20 ƙafar da ke kan feda ta fi ƙarfen muhimmanci. Abin da ya kiyaye shi ne dokar bin baya. A irin wannan gasa ba a yarda ka manne a bayan wani yana tare maka iska ba, sai ka bar tazara tsakaninku, in za ka wuce kuma ka wuce nan da nan. A zagaye na uku ya tarar da wani Bature a gefen hanya, sarƙa ta zame masa, yana ta juya keken ya rasa ta inda zai kama. Ya ce mini hannunsa har ƙaiƙayi ya yi, amma ya daure ya wuce. Dattijon, wanda ɗazu yake neman a fito da ɗansa, yanzu ya tattare babbar riga a kafaɗa yana kaɗa hula yana kiran sunansa na gida.

Gudun shi ne ya fi ba shi mamaki, ko da yake an gargaɗe shi. Bayan an daɗe ana juya feda, naman cinya ya saba da tafiya irin ta da'ira, in aka sauka aka ce a yi gudu sai ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Masu horarwa suna sa ɗan koyo ya riƙa yin gajeren gudu nan take bayan ya sauka daga keke don jiki ya saba, shi kuwa sau biyu kawai ya yi haka, yana ganin gudu ai nasa ne. Kilomita ta farko da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Rana ta riga ta ɗaga, ga gumi, kuma a kan keke ya manta da gorar ruwansa saboda daɗin wuce mutane. A kilomita ta uku jijiyar sha-raɓarsa ta ɗaure, ya koma tafiya har wurin masu ba da ruwa, ya sha, ya zuba saura a ka. Tafiya ba laifi ba ce a dokar wasan. Wata mata da ta girme shi nesa ba kusa ba ta zo ta wuce shi da ɗan gudunta na sannu-sannu, ya bi sawunta, haka suka yi ta tafiya har aka hango ƙofar ƙarshe. Ya shiga bayan awa ɗaya da minti hamsin da ɗoriya, can ƙasan jerin sunaye, aka rataya masa lambar da ake ba duk wanda ya gama.

Ga masu sha'awa

Tun da labarin ya bazu, samari da dama sun tambaye ni yadda ake shiga, har da wasu sa'o'ina. Ga sa'o'in nawa ina da magana ta musamman. Wani bincike da likitoci suka buga a Amurka a 2017 ya duba gasannin da aka yi daga 1985 zuwa 2016, ya sami mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a wurin tseren, 90 daga ciki a zangon iyo ne, kuma haɗarin ya fi yawa ga maza da suka haura shekara 40. In aka kwatanta da miliyoyin da suka shiga adadin kaɗan ne, amma mu da hawan jini ya yi wa katutu, kuma ba ma zuwa asibiti sai an ɗauke mu, ya kamata mai niyya ya fara da awon jini da na zuciya. Kuma duk gasar da ba ka ga masu kwalekwale a kan ruwa da motar asibiti a gefe ba, ka riƙe kuɗinka.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyon. Lokacin da Ghana ta karɓi wasannin Afirka a watan Maris na 2024 an gina tafkin iyo na zamani a Borteyman, amma yaron Nima ko na Sabon Zango ba ya da kuɗin motar zuwa can sau uku a mako. Abin da za mu iya a matsayinmu shi ne ƙungiyoyin iyaye da malamai su nemi masu otal da makarantun da ke da tafki su ba da awa ɗaya ko biyu a mako a farashi mai sauƙi, a ware wa 'yan mata nasu lokacin da mace mai koyarwa, don in ba haka ba iyaye ba za su bari ba, kuma da gaskiyarsu.

Mai gyaran keken ya koma rumfarsa washegari, yana ɗingishi, lambar tana rataye a ƙusa tare da tsofaffin tayoyi. Yanzu ranar Asabar yana ɗaukar ƙannensa biyu zuwa tafkin, kuma dattijon ne yake biyan kuɗin ƙaramin. Ya ce akwai wata gasar bayan hunturu, wannan karon zai ƙirga goman kafin ya shiga ruwa.